Gashin hamsta ya yi maiƙo yana zubewa: a yi masa wanka?

Malama, kin ce gashin ƙaramin hamstanki, wato dabbar nan mai kama da ɓera da ake kiwo a gida, ya yi maiƙo, ya fara zubewa a gadon baya, kina tambaya ko ki wanke shi da sabulu. Kada ki sa masa ruwa ko kaɗan, domin ruwa yana wanke man da ke kare fatarsa, kuma dabbar da nauyinta bai wuce giram 50 ba, sanyi yana saurin kama ta. Asalin waɗannan ƙananan hamsta busassun filayen Mongoliya ne da kewayenta, inda suke birgima cikin rairayi su tsabtace jikinsu. Ki zuba masa rairayi mai tsabta, busasshe, marar ƙura a faffaɗan kwano, za ki ga yana juyi a ciki da kansa.

Zubewar gashin ita ce abin lura. Idan fatar wurin ta yi ja, ko tana ɓamɓaroki, ko yana yawan susa, ana zargin ƙananan ƙwarin fata ko makero, wanda yake iya kama mutum ma, don haka likitan dabbobi ne ya kamata ya kankari fatar ya duba, kuma ki riƙa wanke hannu bayan kin taɓa shi. Idan kuwa ya haura shekara ɗaya da rabi, tsufa kaɗai yana iya rage gashin.

Ki kula da yawan shan ruwa da fitsari, domin nau'in ƙananan hamsta da ake kira Campbell yana da saurin kamuwa da ciwon sukari, saboda haka kada ki riƙa ba shi dabino da ayaba.