Rage ƙarfin haske a hoton CT na kogon hancin yaro

Kin tambaya ko ana iya rage radiyeshin, wato hasken da na'urar ke ratsa jiki da shi, idan za a yi wa ɗanki hoton CT (hoton cikin jiki da ake ɗauka da hasken X-ray) na kogon hanci. Ana iyawa sosai. Ki ce wa mai ɗaukar hoton ya saita na'urar daidai nauyin yaro, kada ya bar ta a saitin manya. Domin kogon hanci wuri ne na ƙashi da iska, suna fitowa tangaran ko da ƙaramin haske.

Amma fa sai yaro ya kwanta shiru. Nawa yaron ya motsa kai, dole aka maimaita, ya sha haske sau biyu. Ki lallashe shi tun daga gida. Kuma in mura ce kawai, babu kumburin ido ko shirin tiyata, ki tambayi likita ko hoton ya zama dole.