Baffanka ba mahaifinka ba ne a idon FAFSA

Wani ɗanmu mai shekara 20 ya rubuto daga Bronx a birnin New York. Yana da katin zama na dindindin, yana zaune a gidan baffansa, iyayensa suna Damagaram. Zai cike FAFSA, fom ɗin gwamnatin Amurka na neman tallafin kuɗin karatun kwaleji. Baffan ya ce a rubuta shi a matsayin uba tunda shi ke saka yaron a takardar harajinsa, wani ejan kuma ya ce a biya shi ya rubuta yaron maraya don kada a nemi bayanin iyayensa.

Ɗana, kada ka bi ko ɗaya. Takardar haraji daban, FAFSA daban. Muddin ba ka kai shekara 24 ba, ba ka da aure, ba ka da ɗan da kake ɗaukar fiye da rabin nauyinsa, ba ka yi soja ba, to galibi gwamnatin Amurka tana lissafa ka a ƙarƙashin iyayenka, ko da kai ke biyan hayarka. Riƙon da muka sani a gida ba ya shiga fom ɗin nan. Baffa ba ya zama uba sai kotu ta ba shi kai ɗa a hukumance.

Gaskiyar ma ita za ta fi yi maka rana. Mahaifinka zai iya yin rajista a StudentAid.gov, shafin intanet na tallafin ɗalibai, ko ba shi da lambar Social Security ta Amurka, a juya abin da yake samu daga sefa zuwa dala. Kuɗin ɗan kasuwar Damagaram idan ya koma dala sau da yawa ba ya da yawa, don haka kana iya samun Pell Grant, tallafin gwamnati ga ɗalibai masu ƙaramin ƙarfi, wanda iyakarsa ta kai dala 7,395 a 2025–26. Ka kwantar masa da hankali: ba da bayani ba ya ɗora masa biyan ko sisi.

Ejan kuwa, ka guje shi. FAFSA kyauta ce. Na ga yaran da aka mayar marayu a takarda, makaranta ta nemi shaidar mutuwa, ejan ya kashe waya. Ƙarya a fom ɗin nan tana jawo tarar da ta kai dala 20,000 ko ɗauri, kuma za ta iya tare maka hanya ranar neman zama ɗan ƙasa. Sa hannunka ne a kai, ba nasa ba.

Ka ce baffa yana jiran rabonsa daga abin da zai rage na tallafin bayan an biya makaranta. Ya ciyar da kai, ka gode masa, ka taimaka daga albashinka. Amma kuɗin tallafi na hidimar karatunka ne, kamar littafi da kuɗin jirgin ƙasa, kuma babba bai kamata ya sa ido a kansu ba. Gobe ka je ofishin tallafin ɗalibai na makarantarka, ka faɗa musu inda iyayenka suke.