Sammaci ya zo, ka miƙa wa yayanka?

Wani ɗan kasuwa ya rubuto: "Wanda nake sarin kaya a wurinsa ya kai ni ƙara kan bashi, an kawo mini sammaci. Yayana ya karɓi takardar, ya ce in bar masa, ya san mutane. Saura kwana 6 a zauna, shiru. Akwai wata harka da nake jira, in ta faɗa zan biya har da ƙari. In je ko in jira?"

Malam, ka je. Kafin nan ma, yau ɗin nan ka karɓo takardarka.

Bashin bai ɗaga mini hankali ba, kasuwa ba ta rabuwa da shi. Abin da ya dame ni shi ne ka ɗauki umarnin kotu ka ba wani ajiya. Sunanka ne a jikin sammacin, kai za a kira ranar zama. In ba ka nan, lauyanka ba ya nan, aka kuma tabbatar takarda ta iso gare ka, alƙali na iya sauraron mai ƙara shi kaɗai ya yanke hukunci a bayan idonka. Abin da ya ce yana bin ka zai hau kanka, a ɗora kuɗin shari'a. Daga nan sai kwashe kaya ko riƙe asusunka na banki. Soke irin wannan hukunci aiki ne ja: sai ka kawo dalilin rashin zuwanka, ka kuma nuna kana da kariya ta gaske. "Yayana ya ce zai ji da shi" ba dalili ba ne a gaban alƙali.

Na san wani mai kayan gini da ya biya fiye da rabin bashin da ake bin sa, rasit na nan cikin durowa. Ɗan baffansa ya ce masa shi ya riga ya yi magana da "manya", kada ya wahalar da kansa da zuwa kotu. Aka yanke masa biyan kuɗin gaba ɗaya. Yana tsaye bakin shago, maƙwabta na kallo, aka loda buhunan siminti a mota, aka yi gwanjonsu a kusan sulusin kuɗinsu. Rasit ɗin da za su cece shi ba wanda ya taɓa ganinsu.

In takardar ta dawo hannunka, duba sunan kotu, lambar ƙara, adadin da ake nema, da wa'adin mayar da amsa a rubuce, domin wannan wa'adin kan riga ranar zama cika. Kowace ƙasa da nata: a Ingila kwana 14 ne, a kotunan tarayya na Amurka kwana 21. Naka ka tabbatar a wurin magatakarda ko lauya.

Harkar da kake jira kuwa, don Allah ka daina lissafi da ita. Kuɗin da bai shigo aljihu ba ba a biyan bashi da shi, kotu kuma ba ta ɗage zama saboda mafarki.

Tattara rasit da littafin cinikinka, ka fitar da ainihin abin da ya rage. Nemi mai kayan, ka yi masa tayin rubu'i yanzu, sauran wata-wata. In yayanka na son taimako, ya raka ka wannan zaman sulhun. Ko kun sasanta, a rubuta, ku sa hannu, kuma ka halarci kotu ranar, a faɗa wa alƙali a gabanka.