Filin Tambaya da Amsa: Wane ne Sam Houston?

Tambaya: Assalamu alaikum. Yayana da ke zaune a birnin Houston na Amurka ya ce mini sunan wani mutum aka raɗa wa garin, wai kuma mutumin ya yi gwamna a jihohi biyu, har ya yi shugaban ƙasa, amma ba na Amurka ba. Malam, yaya gaskiyar wannan magana? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Yayanki bai ƙara gishiri ba. Mutumin shi ne Sam Houston, wanda aka haifa a jihar Virginia a 1793, ya kuma tashi a Tennessee, wadda a wancan zamani bakin iyaka ce, inda gonakin Turawa 'yan ci-rani suke cin ƙasar ƙabilun asali sannu a hankali. Yana ɗan shekara 16 ya gudu daga gida ya shiga cikin ƙabilar Cherokee, ya koyi harshensu, shugabansu ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, suka sa masa suna mai ma'anar Hankaka.

Yaƙi ne ya fito da shi. A 1814, a gumurzun Horseshoe Bend da sojojin Amurka suka yi da ƙabilar Creek, kibiya ta soke shi a cinya, ya sa aka cire ta da ƙarfin tsiya ya koma fagen daga, har sai da harsasai suka same shi a kafaɗa. Wannan ya sa Janar Andrew Jackson, wanda ya jagoranci sojojin a wannan gumurzu kuma daga baya ya zama shugaban Amurka, ya zame masa ubangida a siyasa. Ya shiga majalisar wakilai a 1823, ya zama gwamnan Tennessee a 1827, sai dai a 1829, bayan aurensa ya mutu cikin 'yan makonni, ya ajiye mulkin ya koma wurin Cherokee, inda giya ta so ta gama da shi.

A ƙarshen 1832 ya tafi Texas, wadda a lokacin yanki ne na ƙasar Meziko. Da mazauna yankin suka yi tawaye, shi aka ba jagorancin rundunarsu. Ya yi ta ja da baya makonni da dama, mutanensa suna zarginsa da tsoro, har ranar 21 ga Afrilun 1836, lokacin da ya auka wa sansanin shugaban Meziko, Janar Santa Anna, a San Jacinto da mayaƙa kimanin 900. Cikin minti 18 aka gama, washegari kuma aka kama Santa Anna. A wannan shekara aka kafa garin da yayanki yake zaune, aka sa masa sunansa. Texas ta zama ƙasa mai cin gashin kanta, Houston ya shugabanci wannan Jamhuriyar Texas sau biyu, kuma da ta haɗe da Amurka a 1845 ya zama sanatanta daga 1846 zuwa 1859, sannan aka zaɓe shi gwamna. Har yau babu wani da aka zaɓa gwamnan jihohin Amurka biyu sai shi.

A ganina, abin da ya fi cancantar a tsaya a kai shi ne ƙarshen mulkinsa. Kada a ɗauke shi waliyyi, domin shi kansa ya mallaki bayi, bai kuma yi yaƙi da bauta ba. Amma da jihohin kudu suka fara ɓallewa a kan batun bayi, Texas ta bi sahu a 1861, sai ya ja daga, yana gargaɗin cewa arewa ce za ta yi nasara bayan an zubar da jini mai yawa. A watan Maris aka nemi kowane jami'i ya yi rantsuwar biyayya ga sabuwar gwamnatin 'yan aware. An ruwaito cewa sau uku aka kira sunansa, shi kuwa yana zaune a ɗakin ƙasa na ginin majalisa yana feƙe ɗan itace da wuƙarsa, bai amsa ba. Aka tsige shi, mataimakinsa Edward Clark ya hau kujerar. Gwamnatin shugaban Amurka Abraham Lincoln ta yi masa tayin sojoji don ya ci gaba da mulki, ya ƙi, saboda ba ya son mutanen Texas su kashe juna a kansa. Ya koma garin Huntsville, inda ya mutu ranar 26 ga Yulin 1863, yaƙin basasar da ya hango yana tsakiyar ci.