Dalilin da ya sa ka samu 1.2 maimakon amfiya 5

Ka ce batir ɗin mai bolt 12 ne (bolt ma'aunin ƙarfin tura wuta ne), an haɗa masa rezista (abin da ke turje wa gudun wuta) biyu kafaɗa da kafaɗa, ɗaya mai om 4, ɗaya mai om 6 (om ma'aunin turjiya ne), ana neman amfiya nawa, wato yawan wutar da ke fita daga batir. Ka tara su ka samu 10, ka raba 12 da 10, sai ga 1.2, alhali littafi ya ce 5.

Ɗan'uwa, da a jere suke, wuta na bi ta ɗaya sannan ta wuce ta biyun, da lissafinka ya yi daidai. Amma nan hanya biyu ce wutar ta samu, kuma kowace rezista bolt 12 ɗin nan take gani cif. Wannan ne abin da ɗalibai suka fi mantawa, kuma shi ne jigon tambayar.

Sai ka bi dokar Ohm, wato bolt raba om ya ba ka amfiya, reshe-reshe. Na farko, 12 raba 4, amfiya 3. Na biyu, 12 raba 6, amfiya 2. Haɗa su, ga 5.

In kana son tabbatarwa, raba 12 da 5. Turjiyar duka om 2.4 ce, ƙasa da 4, domin ƙarin hanya sauƙaƙa wa wuta tafiya yake yi.