Amsa: Taba da ciwon zuciya

Malam, ka tambaya ko da gaske sigarin da yayanka yake sha ne ya jawo masa ciwon zuciya, tunda a saninka huhu kawai take ci. Allah ya ba shi lafiya. Gaskiya zuciya ma tana shan wahala sosai.

Sinadarin nikotin yana sa zuciya bugawa da sauri, ya matse jijiyoyi, jini ya hau. Hayaƙin kuma yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda take kama gurbin iskar oksijin a cikin jini, sai zuciya ta yi ta aiki da ƙarancin abinci. Mafi muni shi ne yadda hayaƙin yake kurje cikin jijiyoyi, kitse ya taru a wurin, jini ya riƙa daskarewa. Ranar da gudan jini ya toshe jijiyar da take ciyar da zuciya, shi ke nan an faɗi.

Samarin da nake gani a majalisa wajen Ƙofar Ƙaura suna zuƙar shisha, wai ruwa yana tace hayaƙin, yaudarar kansu suke yi.

Ka lallaɓa shi ya daina. Bayan shekara 1 haɗarin yana raguwa da kusan rabi. Ku kai shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Katsina a auna jininsa.