Binciken ramukan kwal kafin sayen gida a Barnsley

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ka ce lauyanka ya nemi a yi binciken tsofaffin ramukan kwal kafin ka sayi gida a garin Barnsley na Ingila, kana tambaya ko hanyar tatsar kuɗi ce. Don Allah ka biya a yi shi.

Na daɗe a yankin nan, ƙarƙashinsa kamar gidan gara yake. An rufe Kellingley, mahaƙar kwal mai zurfi ta ƙarshe a Birtaniya, a Disambar 2015, amma ramukan suna nan ƙarƙashin gidaje da tituna. Da gwamnati ta sayar da mahaƙan a 1994, sai ta kafa hukumar Coal Authority, mai ofishi a Mansfield, ta gaji taswirorin da kuma alhakin ɓarnar da tsofaffin ramuka ke yi. A 2024 aka sauya mata suna zuwa Mining Remediation Authority, kada sunaye biyun su ruɗe ka.

Da idona na ga aikinsu. Wata shekara bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, ƙasa ta rufta a bayan gidan maƙwabcina, daidai inda yaransa ke wasa. Ya kira lambarsu ta gaggawa, a ranar suka zo suka killace wurin, daga baya suka cike ramin suka rufe bakinsa da kankare. Ko sisinsa bai fita ba. Har yau in na tuna yaran nan sai gabana ya faɗi.

Su ne kuma ke tace ruwan da ke ɓulɓulowa daga ramukan, jawur da tsatsa, kafin ya shiga koguna. A 2021 irin wannan ruwan ya ɓalle a Skewen ta Wales, sai da aka kwashe mutane daga gidajensu.

In rahoton ya fito, ka karanta da kanka, kada ka bar wa lauya kawai. Duba ko akwai bakin rami cikin mita 20 daga iyakar gidan, don wasu bankuna kan ja baya da rance a kan haka, kai ma za ka sha wuya ranar sayarwa. Duba ko an taɓa neman diyyar lotsawar ƙasa a gidan. Kuma sai a 1872 doka ta tilasta ajiye taswirar mahaƙar da aka rufe, saboda haka akwai ramukan da babu su a takarda.

In ka tare, bango ya fara tsagewa, kada ka liƙe da siminti ka yi shiru. Shekara 6 doka ta ba ka, daga lokacin da ka lura, ka kai wa hukumar kuka. Allah ya sa gidan ya zama alheri.